Yaya Ake Auna Illar Kallo? Muhawara Kan Balen na Teku da Raƙuman Dawa na Kure

Ramatu, Yamai:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina na wannan zaure. Ina shirya kundin kammala karatuna a fannin muhalli, kuma batun da na zaɓa shi ne tasirin masu yawon buɗe ido a kan raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. Da na kai wa malamina tsarin aikin, sai ya ce kafin in taka Kure in fara karanta abin da aka rubuta a kan kallon balen, wato ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayarwa, wadda maƙwabtanmu na Nijeriya suke kira wel. Da farko abin ya ɗaure mini kai, tun da mu ko bakin teku ba mu da shi. Amma da na shiga karatu sai na tarar sana'a ce babba: a 1955 aka fara ɗaukar mutane cikin jirgin ruwa domin kallon, a San Diyego ta Amurka, kowane mutum yana biyan dalar Amurka guda, kuma a 2008 an ƙiyasta mutum miliyan 13 ne suka yi wannan kallo a ƙasashe da yankuna 119. Tambayata ita ce, dabbar da ba a kashe ta ba, ba a ji mata rauni ba, kallonta kawai aka yi aka koma gida, da wane ma'auni za a ce an cutar da ita? Kuma shin ma'aunin zai yi aiki a Kure?

Alhaji Sani, Yamai:
Wa'alaikumus salam. Ƴata Ramatu, Allah ya ba da sa'a. Ni ba masani ba ne, amma gani ya kori ji. Shekarun baya da nake yawan zuwa Kwatano fitar da kaya, wani abokin hulɗata ya ɗauke ni cikin watan Satumba muka shiga jirgi muka nausa cikin teku, domin a wannan lokacin ne dabbobin suke zuwa gaɓar Benin da Gabon su haihu. Mun ga uwa da ɗanta, tana fesar da numfashi sama kamar hayaƙi, ɗan yana manne da gefenta. Mun kusance ta ƙwarai, mun daɗe muna bin ta, kuma ba ta gudu ba. A ganina dabbar da ta ji an takura mata tafiyarta take yi, musamman a teku inda babu shinge babu turke. Sannan a tuna cewa kafin wannan sana'a farautarsu ake yi ana narka kitsensu, har sai da hukumar duniya mai kula da farautar ta yanke shawarar dakatar da ita a 1982. Idan yau talakan bakin teku yana cin abinci da ran dabbar maimakon gawarta, ban ga abin da za a tsaya ana aunawa ba.

Dakta Habsu, Tawa:
Alhaji, ina gaisuwa. Maganarka ta farauta gaskiya ce, babu mai musu. Inda na saɓa da kai shi ne batun rashin gudu. Aikina duba dabbobi ne, kuma kowane makiyayi a Abalak ya san cewa saniyar da ƙishirwa ta kama ba ta barin bakin rijiya don yara suna jifanta. Tana tsayawa ne saboda ba ta da wata rijiyar, kuma ranar da aka zo tatsa ake ganin abin da ta rasa. Uwar da ka gani haka take. Irin wannan balen mai doro a tekun kudu mai sanyi take cin abincinta, sa'an nan ta yi tafiyar dubban kilomita zuwa ruwan ɗumi ta haihu, kuma duk watannin da take can kusan ba ta cin komai, kitsen jikinta take mayarwa nono. Saboda haka duk iyon da jirgi ya tilasta mata, daga abincin ɗanta aka cire shi, ga shi kuma ba ta iya yin nisa da jariri.

An gwada wannan a mashigin Eksmos na yammacin Ostareliya, aka wallafa sakamakon a 2020. Masu binciken sun riƙa kusantar uwa da ɗa a tazara iri ɗaya da tafiya iri ɗaya, abin da suke sauyawa kawai shi ne ƙarfin ƙarar inji da suke saki cikin ruwa, yayin da ƙaramin jirgi marar matuƙi yake ɗaukar hoto daga sama. Da aka saki ƙara mafi ƙarfi, hutun uwar ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, numfashinta ya ninka, saurin iyonta ya ƙaru. Wanda yake tsaye cikin jirgi yana murna ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ko kimar bai sani ba, sai an kawo mudun.

Alhaji Sani, Yamai:
Dakta, na ji, kuma na ƙaru. Amma bari in yi tambayar ɗan kasuwa. Mutum yana tafiya a kasuwar Katako babur ya firgita shi, zuciyarsa ta buga, bayan minti biyar ya manta ya ci gaba da cinikinsa. Idan kika auna bugun zuciyarsa a wannan lokaci za ki rubuta cewa ya ninka, amma ba ki nuna cewa kwanansa ya ragu ko ƴaƴansa sun rame ba. Ina shaidar cewa wannan ɗan firgici na awa guda yana zama asara ta gaske?

Malam Ibro, Yamai:
Alhaji ya taɓo inda gizo yake saƙa, kuma Ramatu, ina so ki rubuta tambayarsa a shafin farko na littafinki, domin masana sun yi shekaru suna fama da ita. Awo iri biyu ne. Na farko shi ne na nan take: sau nawa dabbar ta numfasa a minti, tsawon nutsonta, ko ta karkace daga hanyarta, ko ta daina cin abinci. Yawanci daga kan tudu a bakin teku ake yin sa, da na'urar nan mai ƙafa uku da masu auna filaye suke amfani da ita, domin kada mai aunawa shi ma ya zama wani jirgin da ya dami dabbar. Na biyu shi ne na dogon zango: yawan dabbobin, yawan haihuwa, ƴaƴa nawa suke rayuwa har a yaye su. Na farko yana da sauƙi da araha, na biyu yana cin shekaru, kuma haɗa su shi ne wahalar.

Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne na Shak Be, shi ma a yammacin Ostareliya, a kan dolfin, ƙananan dangin balen. Lars Bejder da abokan aikinsa sun sami bayanan shekaru fiye da goma, inda aka san kowace dabba da ƙayar bayanta. Suka kwatanta lokacin da babu jirgin kallo, da lokacin da yake ɗaya, da lokacin da suka zama biyu. Da jirgi ɗaya ba a ga wani sauyi ba. Da suka zama biyu, yawan dabbobin da suke amfani da wurin ya ragu da kashi 14.9 cikin 100, wato kusan ɗaya cikin bakwai, alhali a wani wuri na kusa da jiragen kallo ba su zuwa ba a ga raguwa ba. A 2006 aka wallafa wannan, kuma hukuma ta mayar da lasisin ɗaya.

Akwai wani abu da suka gano wanda ya shafi maganar Alhaji kai tsaye. Da suka gwada kusantar dabbobin, na wurin da ba a saba zuwa ba sun fi firgita, na wurin yawon buɗe ido kuwa ba su damu sosai ba. Mai gaggawa zai ce ai sun saba. Bayanan shekaru suka nuna cewa masu tsoron sun riga sun bar wurin, masu haƙuri ne suka rage ana aunawa. Kamar mutum ne ya je unguwar da ake ta ƙarar injin niƙa ya tambayi waɗanda ya tarar ko ƙarar tana damunsu, bai lissafa waɗanda suka kwashe kayansu suka tashi ba.

Amma adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. A mashigin Faksafuloyi na Aisilan an nuna cewa jiragen kallo suna katse wa wani ƙaramin nau'in balen cin abinci, sai dai da aka lissafa sau nawa kowace dabba guda take haɗuwa da jirgi a tsawon lokacin kiwonta, aka ga bai kai yadda zai taɓa haihuwarta ba. Ke nan Alhaji yana da gaskiya a wani wuri, ba shi da ita a wani. Abin da ya raba shi ne ko dabbar mai wucewa ce cikin babban garke, ko kuwa ƴar gida ce cikin ƙaramin garke da ake bi kullum safe da yamma.

Baba Mahamadu, Kure:
Salamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta mini abin da nake faɗa. Na yi shekaru masu yawa ina raka baƙi wurin raƙuman dawa, kuma na ji daɗi da na ji ana sanin dabbar teku da ƙayar bayanta, domin mu ma haka muke yi: kowane raƙumi zanen jikinsa daban ne, ana ɗaukar hotonsa dama da hagu, da damina ake ƙidaya idan sun taru a kan tudu. A 1996, irin namu na Afirka ta Yamma guda 49 suka rage a duniya baki ɗaya. Kafin 2020 sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun dajin Gadabeji. Duk wannan ƙaruwa a gaban baƙi aka yi ta, motoci suna zuwa suna komawa. Don haka ƴata, idan kin zo neman laifin baƙi, ina tsoron za ki bar jaki kina dukan taiki. Abin da na gani da idona yana cutar da su shi ne sare dajin tudu ana kai itace Yamai, da gonaki da suke cin wurin kiwonsu, da manyan motoci a hanyar Doso. Kuma ki sani, manomin da raƙumi ya cinye masa wake ko mangwaro ba don Allah kaɗai yake haƙuri ba, yana haƙuri ne saboda ya ga rijiya da rance da taimakon da raƙuman suka jawo wa garinsa. Idan za a auna, a sa wannan ma a kan sikeli.

Ramatu, Yamai:
Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Ba neman laifin kowa nake yi ba, kuma zan sa maganar manoma a cikin aikin. Sai dai bisa abin da Malam Ibro ya bayyana, raƙumanmu sun fi kama da dolfin na Shak Be: garke ne ƙarami, mazauninsa sananne, kuma waɗanda suke kusa da kwalta su ake kai wa baƙi kullum. Abin da ban fahimta ba tukuna shi ne batun ƙara, domin kusan kowace takarda da na buɗe sai ta koma kansa.

Injiniya Abdu, Tawa:
Ƙanwata, dalilin yana cikin halin ruwa. A iska sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa, a ruwan teku kuwa kusan mita 1,500, kuma yana yin nisa ƙwarai kafin ya mutu, alhali haske ba ya ratsa ruwa sosai. Saboda haka waɗannan dabbobi da kunne suke rayuwa: da shi uwa take kiran ɗanta, da shi masu haƙora irin su orka, wato ƙaton dolfin mai farauta, suke gano kifi, suna sakin sauti suna sauraron dawowarsa. Ana auna ƙarar da makirfo na cikin ruwa, wani lokaci kuma a manna wa dabbar wata ƴar na'ura a baya, ta naɗi abin da take ji da zurfin da take nutsawa, bayan wasu awoyi ta saki ta taso a ɗauka.

A 2004 aka wallafa wani bincike a kan orka na ruwan jihar Washinton ta Amurka, inda aka kwatanta muryoyinsu da aka naɗa tun daga ƙarshen shekarun 1970 har zuwa 2003. A naɗin baya-bayan nan, bayan jiragen kallo sun yi yawa, an tarar suna tsawaita kiransu da kusan kashi 15 cikin 100 idan jirage suna kusa, kamar yadda mutum yake ja da murya a tasha. A can arewa da su kuma, a mashigin Jonston na Kanada, an lissafa cewa ƙarfin da orka suke ƙonawa saboda jirage ya ƙaru da kashi 3 zuwa 4 ne kawai, amma abincin da suke iya rasawa saboda katse musu farauta ya kai kashi 18. Wannan lissafi ya sauya mini tunani, domin ya nuna cewa babbar asarar tana wurin abin da dabbar ta fasa yi. Garken na Washinton bai kai 80 ba yanzu, kuma tun farkon 2025 dokar jihar ta ce jirgi ya tsaya nesa da su yadi 1,000. Ban ce jiragen kallo kaɗai suka jawo musu wannan hali ba, ƙarancin kifin da suke ci da gubar da ke cikin ruwa suna gaba.

Zan ƙara abu guda a taƙaice. Baƙon da ya taso daga Turai zuwa Ostareliya ko Yamai, man da jirgin samansa ya ƙona shi ma tasiri ne a kan muhalli, kuma sau da yawa ba ya shiga lissafin.

Dakta Habsu, Tawa:
Ramatu, raƙumin dawa da ido ya fi dogara, don haka kada ki ɗauko awon ƙara ki dasa shi a Kure yadda yake. Abin da za ki ɗauko shi ne tambayar Injiniya: me dabbar ta fasa yi? Ki zauna nesa da madubin hangen nesa da agogo, ki rubuta minti nawa take cin ganye, minti nawa take tuƙa, minti nawa take tsaye ta miƙe wuya tana kallon mutane, kuma sau nawa uwa ta katse shayarwa. Ki yi haka kafin mota ta zo, da lokacin da take nan, da bayan ta tafi, domin tsawon lokacin da dabba take ɗauka kafin ta koma kiwo shi ma awo ne.

Akwai kuma hanyar kashi. Idan dabba tana cikin damuwa jikinta yana fitar da wani sinadari wanda ragowarsa take fita a kashinta. A mashigin Fandi na Kanada, Rosalind Rolland da abokan aikinta suna tattara kashin balen a kan ruwa, har karnuka aka horar suna shinshino shi daga cikin jirgi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka zirga-zirgar manyan jiragen ruwa ta ragu na wasu kwanaki, ƙarar cikin ruwa ta sauka da desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma sinadarin damuwa a kashin dabbobin ya sauka tare da ita. Jiragen dakon kaya ne a can, ba na kallo ba, amma hanyar awon ɗaya ce. A wurinki tsintar kashin ba wuya, wuyar ita ce zafin ranarmu yana lalata samfur da wuri, dole a sa shi cikin sanyi nan da nan, kuma ciki da shayarwa da yunwar rani duk suna motsa wannan sinadari. Idan ba ki san wace dabba ce ta yi kashin ba, lambar da za ki samu ba za ta gaya miki komai ba.

Malam Ibro, Yamai:
Baba Mahamadu, da girmamawa nake so in koma kan maganarka. Tashi daga 49 zuwa sama da 600 abin alfahari ne, kuma ku masu rakiya kuna da kaso babba a ciki. Amma a shekarun nan abubuwa da yawa sun faru tare: an hana farauta, an wayar da kan ƙauyuka, baƙi sun zo. Ƙaruwar ta nuna cewa alherin ya rinjayi sharrin, ba ta nuna cewa sharrin babu shi ba. Mai yiwuwa ne matan da suke kusa da hanya suna jinkirin haihuwa fiye da na nesa, jimilla kuma ta ɓoye hakan. Sai an raba su, an bi kowace uwa da sunanta, kafin a sani.

Sannan akwai abin da nake jin nauyin faɗa. Tun bayan harin da aka kai ranar 9 ga Agusta 2020 baƙi suka ɗauke ƙafa daga Kure. A fannin awo, wannan ya ba da abin da masu binciken teku suke nema ido rufe, wato lokacin da babu masu kallo, wanda za a kwatanta da lokacin da suke nan.

Baba Mahamadu, Kure:
Malam, na san ba da mugun nufi ka faɗa ba. Mutum 8 aka kashe a ranar nan, cikinsu har da shugabanmu na masu rakiya, Allah ya jiƙansa da rahama. Amma ina so ka san cewa ba baƙi kaɗai suka tafi ba. Da suka daina zuwa, masu rakiya da yawa sun nemi wata sana'a, idon da yake kan dajin kullum ya ragu, abin da yake shiga ƙauyuka ya ragu. To idan ƴata ta auna ta ga raƙuman sun sauya hali, rashin baƙi ne ya sauya su, ko rashinmu?

Malam Ibro, Yamai:
Amin, Baba. Tambayarka ta fi amsar da nake da ita, kuma na janye rabin maganata. Kwatancen zai yiwu ne kawai idan an rubuta waɗannan sauye-sauyen duka a gefensa. Masu binciken teku sun gamu da irin wannan a 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da jiragen yawon buɗe ido a wurare irin su Alaska: teku ta yi shiru, amma masu aunawa da yawa su ma an hana su fita.

Alhaji Sani, Yamai:
Na karanta duka, kuma na yarda cewa rashin gudun uwar nan da na gani ba hujja ba ce; da na san haka da na ce wa matuƙin ya ja baya ya rage wutar inji. Amma ga abin da ya rage mini. Duk misalan da kuka kawo daga Ostareliya da Aisilan da Kanada da Amurka suke, ƙasashe masu kuɗin biyan mutum ya zauna shekara goma yana ƙirga numfashin dabba. A Kwatano ko Kure wa zai biya? Idan mai jirgin ne zai biya, to mai kaya ne yake riƙe da mudu, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san ƙarshen wannan.

Dakta Habsu, Tawa:
Alhaji, damuwarka a wurinta take, har ma ta fi haka zurfi, domin bayanai masu yawa a duniya daga cikin jiragen kallon aka tattara su, tun da su ne suke fita kullum kyauta ga mai bincike. Suna da amfani wajen sanin wace dabba ce ta zo, yaushe, da ɗa ko babu, amma ba za su taɓa nuna halin dabba lokacin da babu jirgi ba. Abin da nake ganin ya dace da aljihunmu shi ne a ware wani kaso sananne daga kuɗin shiga a damƙa wa jami'a, masu rakiya su riƙa cika takarda guda a kowace fita, awa nawa, mota nawa, wace dabba aka kusanta, ɗalibai kuma su yi awon nesa. A Hamanus ta Afirka ta Kudu mutane da yawa daga kan duwatsun gaɓa suke kallon balen ba tare da sun shiga ruwa ba, kuma ban ga abin da zai hana a keɓe wani yanki na Dallol Boso, kwarin da raƙuman suke kiwo, da mota ba ta shiga ba, ya zama wurin kwatance.

Ramatu, Yamai:
Na gode ƙwarai. Zan rage burina zuwa abin da zan iya: awon lokacin kiwo da shayarwa a garke biyu, na kusa da kwalta da na nesa, tare da hira da manoma da masu rakiya. Awon kashi zan bar shi sai an sami kuɗi da wurin ajiya mai sanyi. Baba Mahamadu, ko akwai tsofaffin rubuce-rubuce na yawan motocin da suke shiga kafin 2020?

Baba Mahamadu, Kure:
Akwai littattafan da nake rubuta fitata a ciki, suna cikin akwati, sai dai gara ta ci gefen biyu daga ciki. Ki nemi izinin ma'aikatan gandun daji tukuna, kuma ki tambayi halin hanya kafin ki taso. Ki zo bayan ruwa ya zauna, lokacin suna kan tudu, zan nuna miki matan da na sani tun suna ƴan maruƙa. Akwai wata da ba ta taɓa yarda mota ta matso ta ba, kullum tana can bayan garke. Da ita nake so ki fara.